Yadda Ake Koya wa Likitocin Iyali Duba Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Jos

Mai ciwon damuwa a Jos ba wurin likitan ƙwaƙwalwa yake fara zuwa ba. Da kemis yake farawa, daga nan sai wurin malam ko fasto, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya yanki kati a sashen marasa lafiya na waje, wato GOPD, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ko Jankwano, ko asibitin ƙwararru na jihar Filato. Kuma ba zai ce yana cikin damuwa ba. Zai ce kansa na ɗaukar zafi, gabansa na faɗuwa, wani abu na yawo a jikinsa, barci ya ƙaurace masa, ya sha maganin taifod har ya gaji. Likitan da ke zaune a gabansa, wanda ke neman ƙwarewa a likitancin iyali, shi ne zai gane ko ya kasa ganewa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka "a tura shi wurin ƙwararre" ba mafita ba ce ga yawancin waɗannan mutane.

Abin da aka saba shi ne a tura ɗalibi, wato irin wannan likita mai neman ƙwarewa, ya yi 'yan watanni a ɗakin kwanciyar masu taɓin hankali. Wannan na da amfaninsa, kada a soke shi. Sai dai a can masu tsananin ciwo yake gani, waɗanda aka riga aka gano cutarsu, kuma yana da awa guda cur ya ɗauki tarihi. Da ya dawo GOPD, inda minti goma ne rabon kowa kuma layi ya kai bakin ƙofa, sai ya ajiye duk abin da ya koyo. Saboda haka a ɗakin GOPD ɗin za a koyar, a kan marasa lafiyar GOPD, cikin harshen da suke magana. Tsarin da ke tafe na sati goma sha biyu ne, ana iya miƙa shi ko a taƙaita.

Abin da za a tanada kafin a fara

Malamai biyu ake buƙata: babban likitan iyali da ke zama a GOPD kullum, da likitan ƙwaƙwalwa da zai yarda ya riƙa zuwa rabin yini sau ɗaya a sati. In aka bar wa likitan ƙwaƙwalwa shi kaɗai, ɗalibai sai su ɗauka wannan aikin wani sashe ne. In sun ga maigidansu na sashen iyali da kansa yana tambayar mai hawan jini yadda barcinsa yake, sai su gane aikinsu ne.

Littafin aiki ɗaya ya isa, wato jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara fitowa a 2010 aka sabunta ta a 2016. An rubuta ta ne musamman don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, kuma akwai ta a waya. Ta ƙunshi ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, matsalolin yara da matasa, ciwon mantuwa na tsofaffi, shaye-shaye, kashe kai, da sauran koke-koke irin su fargaba da firgici bayan tashin hankali. Kada ka yi ƙoƙarin ba kowane babi lokaci daidai. Rabin lokacin ya tafi a kan damuwa da fargaba da ciwon jikin da gwaji bai nuna komai ba, domin su ne cike da layin.

Sannan ka taka da ƙafarka zuwa ɗakin magani ka rubuto abin da ke kan kanta da farashinsa. Koyar da maganin da ba a samu, ko wanda ɗan acaɓa ba zai iya saya wata shida a jere ba, ɓata lokaci ne.

Sati na ɗaya da na biyu: zauna ka kalla

Kafin lacca ko ɗaya, ka zauna a kusurwar ɗaki ka kalli kowane ɗalibi yana ganin mutum biyar, bayan an nemi izinin mara lafiya. Kada ka sa baki sai in rai na cikin haɗari. Abubuwa huɗu za ka rubuta: daƙiƙa nawa ya bar mutum ya yi magana kafin ya katse shi, ko ya ɗago kai daga fayil, ko ya tambayi barci da yanayin zuciya, da abin da ya yi sa'ad da mara lafiya ya jefo wata magana a kaikaice, kamar "tun da maigidan ya rasu dai sai a hankali". Wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya nuna likitoci kan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 a matsakaici. Ka auna ɗalibanka da agogo ka nuna musu nasu lissafin. Gani ya kori ji.

Dokar farko da za ka kafa ita ce minti ɗaya na shiru: a bar mutum ya gama kukansa. Ɗalibai kan ji tsoron cewa in sun bari ba za a gama ba sai la'asar, amma yawancin mutane kan tsaya da kansu kafin minti biyu.

A nan ne kuma za ka gano matsalar harshe. Likitoci da yawa a Jos suna jin Hausar kasuwa da ta gaisuwa, amma ba su da kalmomin tambayar abin da ke zuciya. Marasa lafiya kuwa, Birom ne ko Angas ko Bafulatani ko Bahaushe, da Hausa yawancinsu za su bayyana kansu. In dole sai da tafinta, a nemi nas. Kada miji ya fassara wa matarsa, kada ɗa ya fassara wa uwarsa, domin abin da ake nema sau da yawa su ne ba a so su ji.

Tambayoyi biyar da za a haddace

Daga sati na uku a koyar da gajerun tambayoyi biyar da likitocin iyali ke kira BATHE, waɗanda ba sa cin fiye da minti uku. Ga yadda suke fita a bakin likita yana magana da dattijuwa mai ciwon kai:

"Mama, ban da ciwon kan nan, me ke faruwa a gida kwanakin nan?" Sai: "Yaya abin yake miki a rai?" Sai: "A cikin duk wannan, wanne ya fi tsaya miki?" Sai: "To yaya kike yi da shi?" Na biyar ba tambaya ba ce, jaje ne: "Sannu Mama, gaskiya wannan abu da nauyi."

Ta ukun ita ce mai daraja, kuma ita ɗalibai suka fi tsallakewa domin suna ganin sun riga sun san amsa. Matar da aka yi wa kishiya, sai ɗalibi ya ɗauka kishi ne ke cin ta, alhali kuɗin makarantar 'ya'yanta da aka daina biya ne ya hana ta barci. Kuskure na biyu shi ne saurin wa'azi. Da mutum ya fara hawaye sai likita ya ce "a yi haƙuri, haka Allah ya so", wanda a zaman makoki daidai ne, amma a ɗakin likita rufe baki ne. Ka koya musu su miƙa hankici su yi shiru, haƙurin ya zo a ƙarshe.

A yi atisaye uku-uku: ɗaya likita, ɗaya mara lafiya, ɗaya mai kallo da agogo, minti bakwai sai a juya. Da Hausa za a yi. Ɗalibin da ya yi atisaye da Turanci, ranar da ya zauna gaban Baba sai harshensa ya sarƙe.

Mai ciwon da gwaji bai nuna ba

Wannan rukuni ne ya fi yawa kuma ya fi shan wahala. Fayil ɗinsu kauri gare shi, cike da gwajin Widal na taifod da hoton ciki da maganin olsa. Abu uku za ka koyar a jere, kuma jerin na da muhimmanci.

Na farko, a duba jiki sosai, da hannu, mara lafiya na gani. A auna jini a duba ƙarancinsa, a duba suga, a taɓa wuya saboda maƙoƙo, a yi gwajin ƙanjamau in da dalili, a tambayi magungunan da yake sha. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, da magunguna irin su prednisolone da efavirenz duk suna iya kawo alamun damuwa. Na biyu, kada a taɓa cewa "ba abin da ke damun ka". Mutumin na jin zafin da gaske, kuma wannan jimla ita ke kai shi asibiti na gaba a sake gwaje-gwaje daga farko. Na uku, a ba shi bayanin da zai haɗa jiki da zuciya da abin da ya riga ya sani: "Malam, ka ga in aka ba mutum labarin tsoro gabansa kan faɗi, hannunsa ya yi gumi, cikinsa ya juya? To idan tunani ya daɗe, jiki kan zauna cikin wannan halin dare da rana. Gwajinka ya nuna zuciyarka da hantarka lafiya lau. Ciwon gaskiya ne, kuma yana da magani."

Daga nan sai a sa masa ranar dawowa wurin likita guda, bayan sati biyu, ko da sauƙi ko babu. Ganin likita daban kowane zuwa shi ke sa fayil yin kauri, don haka ka roƙi masu kati su riƙa mayar da irin waɗannan mutane ga ɗalibin da ya fara ganin su.

A Jos akwai ƙarin tambaya da ba a bari. Garin ya ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, ƙauyukan kewaye kuma suna ganin hare-hare har yanzu. Mai mugun mafarki, mai zabura in an buga ƙofa, mai gudun bin wata unguwa, a tambaye shi a hankali ko ya taɓa ganin abin tashin hankali. Ka gargaɗi ɗalibai kada su matsa sai an ba su labari dalla-dalla, kuma kada fuskarsu ta nuna ɓangare. Mara lafiya na karanta sunan da ke rigar likita kafin ya buɗe baki.

Takardun awo

Takardu biyu na auna damuwa sun isa a farko. PHQ-2 tambaya biyu ce a kan sati biyun da suka wuce: rashin jin daɗin abubuwan da aka saba jin daɗinsu, da baƙin ciki ko yanke ƙauna. Kowace daga 0 zuwa 3. In jimla ta kai 3 sai a ci gaba da PHQ-9, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27: 5 zuwa 9 mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 mai ƙarfi, 20 zuwa sama mai tsanani. Sashen ya zauna ya amince da lafazin Hausa guda, a manna a kowane tebur, in ba haka ba makin Dakta wane ba zai yi daidai da na Dakta wance ba. Ga wanda bai yi boko ba, a raba kowace tambaya biyu: "kina jin haka?" sannan "cikin kwana goma sha huɗun nan, kamar kwana nawa?"

Maki ba shi ne gano cuta ba. Mai tarin fuka ko mai ciki zai ci maki a kan kasala da rashin cin abinci ba tare da ciwon damuwa ba. Sai alamun sun kai sati biyu kuma sun hana mutum sana'arsa ko hidimar gidansa. Kuma kafin a rubuta magani dole a tambaya ko ya taɓa yin kwanaki ba ya barci amma ba ya gajiya, yana surutu, yana rabon kuɗi. In ya taɓa, mai yiwuwa ciwon da ke hawa da sauka ne (bipolar), kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar masa da shi.

Tambayar kashe kai

Wannan darasi ba a barin kowa ya wuce shi da kallo. Kowane ɗalibi sai ya furta kalmomin da bakinsa a gaban 'yan uwansa, sau da yawa, har kunyar ta fita. Tsoronsu shi ne tambayar za ta sa wa mutum tunanin. Ba ta sawa, kuma da yawa sukan ji sanyi a rai da aka tambaye su. Hawa-hawa ake yi:

"Baba, wani lokaci in abu ya yi wa mutum yawa yakan ji rayuwar ta ishe shi. Kai ma kana jin haka?" In ya amsa: "Ka taɓa jin gara ka mutu ka huta?" Sannan kai tsaye: "Tunanin ka kashe kanka ya taɓa zo maka?" In e ne, a tambayi ta yaya, ko abin na gida, ko ya sa rana, ko ya taɓa gwadawa. Gwadawa a baya ita ce alamar haɗari mafi ƙarfi.

Amsar da za a fi samu ita ce "A'uzubillahi, ni musulmi ne" ko "Allah ya sawwaƙe, ni mai bi ne". Ɗalibi kan yi ajiyar zuciya ya wuce. Ka koya masa ya ce: "Na sani Baba, kuma imaninka kariya ne. Amma tunani kan zo wa mutum ba da son ransa ba. Ya taɓa zuwa?" Dokokin hukunta laifuka na Nijeriya sun daɗe suna lissafa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, addinai biyun kuma sun haramta shi, shi ya sa mutane ke ɓoyewa, dangi ma su ce "kuskure ya yi ya sha". Likita ya fito fili ya ce shi magani ne aikinsa.

Wanda ke da shiri da kayan aikatawa ba ya fita shi kaɗai: a ajiye shi inda ake ganin sa, a kira ɗan uwan da ya yarda da shi, a kira likitan ƙwaƙwalwa a ranar. Ga kowa kuma, a sa dangi su kwashe fiya-fiya da Sniper da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga gidan. A yankin da ake noman dankali da kayan lambu kusan kowane gida na da galan na feshi, kuma yawancin masu sha cikin ɗan lokacin ɓacin rai suke sha. A dawo da mutum cikin sati guda, a kira shi a waya kafin nan.

Ruɗewa ba taɓin hankali ba ce sai an tabbatar

Wanda aka kawo a ɗaure yana sambatu, tambayar farko ita ce yaushe ya fara. In cikin awoyi ko 'yan kwanaki ne, hankalin na zuwa yana tafiya, bai san inda yake ba ko wace rana ce, ya fi tsanani da dare, to ciwon jiki ne ya taɓa ƙwaƙwalwa har sai an kore shi. A auna zafin jiki, suga nan take, bugun jini, iskar jini, a lanƙwasa wuya, a duba kai ko akwai rauni. Taifod, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sanƙarau, faɗuwar suga, ciwon ƙoda ko hanta, ƙanjamau, da daina giya kwatsam su ne manyan dalilai. Kuskuren da ke kashe mutane shi ne a danƙara wa irin wannan allurar barci a rubuta takardar turawa sashen ƙwaƙwalwa. Ka sa ɗalibai su riƙa faɗin ma'aunan nan da baki kafin ka saurari komai game da muryoyin da mutum ke ji.

Mai jego da ta ruɗe cikin sati biyun farko bayan haihuwa, tana ƙin jariri ko tana jin muryoyi, gaggawa ce. Yakan faru ga mace ɗaya ko biyu cikin dubu. A kore zazzaɓin jego da jijjiga, a kwantar da ita, kada a bar ta da jaririn ba mai kallo.

Magunguna kaɗan, a san su ciki da waje

Gara ɗalibi ya san shida sosai da ya san ashirin sama-sama. Ga damuwa mai sauƙi ba a fara da ƙwaya. A zauna a tsara masa komawa ga abubuwan da ya bari, ɗaya bayan ɗaya: jam'i ko sujada, kasuwa, ziyarar 'yan uwa, tafiyar minti talatin, a kuma ɗauki matsala guda a warware tare.

Ga matsakaici zuwa mai tsanani, fluoxetine miligiram 10 da safe na sati guda sannan 20, in sati shida ba canji a kai 40. Ko amitriptyline miligiram 25 da dare, ana ƙara 25 zuwa 50 kowane sati har 100 zuwa 150. Tsofaffi kuwa 50 zuwa 75 ya ishe su. Amitriptyline na da araha kuma yana sa barci, amma ba a ba mai ciwon zuciya, kuma yawansa na kisa, don haka mai tunanin kashe kai a ba shi fluoxetine, ko a ba ɗan uwansa na sati guda kawai ya riƙe. Kurakurai uku ne ke maimaituwa. Ana barin mutum a kan miligiram 25 wata da watanni a ce magani bai yi ba. Ba a gaya masa cewa illa kan riga amfani zuwa, bushewar baki da jiri tun kwanakin farko, sauƙi kuwa sai bayan sati biyu zuwa huɗu, sai ya watsar a kwana na biyar. Sannan da ya ji sauƙi ya daina, alhali ana so ya ci gaba wata tara zuwa goma sha biyu bayan alamun sun tafi. Ka sa ɗalibi ya nemi mara lafiya ya maimaita waɗannan da bakinsa kafin ya tashi.

Diazepam da Lexotan ba maganin damuwa ba ne. Suna sa barci yau, su zama jaraba bayan 'yan makonni. Duk takardar da ɗalibi ya rubuta su a kai, ya zo ya faɗi dalili da ranar dainawa.

Ga taɓin hankali, haloperidol miligiram 1.5 zuwa 3 a rana, ko risperidone daga miligiram 1 zuwa tsakanin 2 da 6, ko chlorpromazine daga 25 zuwa 50 ana hawa a hankali. Guda ɗaya a lokaci guda, a ba shi sati huɗu zuwa shida kafin a ce ya gaza. A gargaɗi dangi tun farko cewa wuya na iya karkacewa, harshe ya fito, idanu su kafe sama, musamman ga samari a kwanakin farko. In ba a faɗa ba, za su ce aljanu ne suka tashi, kuma ba za ka sake ganin su ba. Benzhexol, wanda aka fi sani da Artane, yana warware shi, amma ba a rubuta shi ga kowa don riga-kafi domin 'yan ƙwaya na nemansa. Zazzaɓi tare da sandarewar jiki da ruɗewa a kan waɗannan magunguna kuwa, a tsayar da magani nan take a kwantar. Cikin magungunan farfaɗiya da ciwon da ke hawa da sauka kuwa, valproate ba na macen da za ta iya ɗaukar ciki ba ne, carbamazepine kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da dolutegravir, maganin ƙanjamau.

Shaye-shaye

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A tambayi kowa, har Hajiya da matar fasto, da sunayen abubuwan: burkutu, goskolo, wiwi, tramadol, kodin, sholisho. "Kana shaye-shaye?" amsarta a'a ce kullum. "Kwalba nawa kake sha a rana?" ta fi samun gaskiya. Saurayin da ya fara jijjiga ba tarihin farfaɗiya, a tambayi tramadol, kuma kada a haɗa masa da fluoxetine. Mashayin giya da aka kwantar don wani ciwo kan fara karkarwa cikin yini guda, ruɗewa mai haɗari kuma a kwana na biyu zuwa na uku. Diazepam ke riƙe shi, tare da thiamine, wato bitamin B1, miligiram 100 kullum, kuma thiamine ɗin kada ya yi jinkiri in za a ɗaura ruwan suga.

Dangi, malam da fasto

Ɗalibin da ya yi musu da dangi a kan aljanu ko sammu ya yi asarar mara lafiya. A tambaya cikin ladabi me suke ganin ya jawo, ina aka je, me aka ba shi. Ruƙiyya da addu'a su ci gaba tare da magani. Abin da likita zai hana ƙarara shi ne mari, duka, hana abinci, hayaƙi a rufaffen ɗaki, da dakatar da magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙi a kan yardarsa da mutuncinsa, kuma ya kamata a ware zama guda a karanta ta tare. A kowane gida a gano wanda ke yanke shawara da wanda ke biyan kuɗi, domin sau da yawa ba su ne suka rako shi ba. Amma minti biyu na ganawa da mara lafiya shi kaɗai wajibi ne, musamman mace.

Koyarwa cikin layi, da zaman wata-wata

Sa'ad da ɗalibi ya kawo maka bayani, kada ka ba shi amsa. Ka ce, "Dakta, me kake ganin ke damun ta?" Ya faɗa. "Me ya sa ka ce haka?" Sai ka ba shi ƙa'ida guda tak, ka faɗi abu guda da ya yi daidai, ka gyara guda. Minti biyar ke nan. Malamin da ya mayar da kowane mara lafiya lacca, ɗalibai kan daina kawo masa.

Sau ɗaya a wata a yi zaman Balint, wanda Michael Balint ya fara da likitocin unguwa a Landan a shekarun 1950. Mutum shida zuwa goma sha biyu, awa ɗaya, ƙofa a rufe. Ɗaya ya ba da labarin mara lafiyar da ya tsaya masa a rai, ba fayil a hannu, sannan ya ja kujera baya ya saurari sauran suna tattauna abin da ke tsakanin likitan da mutumin. Ba a maganar magani, ba a ba da maki. Wanda ke rubuta rahoton ci gaban ɗalibai kada ya jagoranta, in ba haka ba kowa "lafiya lau, ranka ya daɗe" zai ce. A irin wannan zama ne kuma ake gane ɗalibin da shi kansa ya gaji ko ya shiga damuwa, sai a same shi a keɓe.

Gwaji da turawa

A sati na goma sha biyu ka koma kusurwar da ka fara zama, da takarda iri ɗaya, mutum biyar ga kowane ɗalibi. Ka ƙara tasha uku ta atisaye: tambayar kashe kai, bayyana wa mai ciwon jiki abin da ke damun sa, da mai ruɗewa da zazzaɓi. Wanda ya faɗi ta farko ko ta uku ya maimaita, komai kyan makinsa na rubutu.

Waɗanda ake turawa ga likitan ƙwaƙwalwa su ne mai shirin kashe kai, mai taɓin hankali karon farko, mai ciwon da ke hawa da sauka, mai jego da ta ruɗe, yaro ko matashi da ke buƙatar magani, da wanda magani biyu a cikakken awo suka gaza masa. Takardar ta faɗi alamun da tsawonsu, gwaje-gwajen da aka yi, sunan magani da awonsa da tsawon shansa, amsar tambayar kashe kai, da lambar wayar mai kula da shi. A sa masa ranar dawowa GOPD duk da haka, domin da yawa ba sa ƙarasawa can saboda tsoron a gan su a ƙofar. Bayan wata uku a zaro fayil talatin na masu hawan jini da suga da olsa ba zaɓe, a ƙirga nawa aka rubuta barci, yanayin zuciya da shaye-shaye a ciki, a kai lissafin taron sashe tare da irinsa na fayilolin kafin a fara koyarwar.